Kalmar Gidan Dada

Suwaiba na kasa tumatir a kasuwar Talata Mafara lokacin da wata matashiya mai goyo ta tsaya, ta nuna kashi guda da leɓe ta ce, "Inna, ba ni hinga."

Tumatir ɗin ya suɓuce daga hannun Suwaiba. Duk ƙasar nan ana cewa wannan, ana cewa wanga, amma hinga a gida ɗaya kawai ake faɗinsa. Kakarsu Dada ce ta zo da shi daga can arewa, inda aka auro ta, jikoki suka yi ta kwaikwayonta don tsokana har ya kama bakinsu. Gidan nan kuwa yana ƙarƙashin ruwan Bakolori yanzu. A shekarar rikicin dam mutanen ƙauyensu suka watse, ƙanenta Falalu ya ɓace. Ta nema a Maradun, ta nema a Faru, har mutane suka fara ce mata ta haƙura.

"Ke ɗiya, mi kinka ce?"

Matashiyar ta rufe baki da gefen gyale. "Yi haƙuri, Inna, maganar maigidana ce ta kama ni. Ni Nagode sunana. Kowa dariya yake mana a Bakura."

"Shi ina ya samo ta?"

"Wai ta kakarsu ce. Nama yake saidawa. Bai cika zancen gida ba, sai ya ce ruwa ya ci."

Suwaiba ta zauna a kan kwando. Tsoro ya kama ta, don sau nawa tana sa rai ana ce mata ba shi ba ne.

"Sunanai?"

"Falalu."

Suwaiba ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, mai albasa na kusa da ita ya yi ta salati. Da ƙyar ta faɗi ko ita wace ce. Nagode ta ja da baya, ido waje.

"Ke ce Adda Suwaiba? Ai ce mai anka yi kin rasu! Kowace Juma'a sai na toya waina ya raba, sadaka gare ki."

Suwaiba ta share ido, dariya ta ƙwace mata. Ta bar wa mai albasa tumatir, ta gyara ɗaurin zani.

"Wuce mu tai tasha. Wainar wagga Juma'a da bakina zan ci ta."