Rumfar Bas ta Ƙofar Kemis

Tana cikin goge gilashin kantar magani bas ɗin safe ta zo, ta rage gudu kamar za ta tsaya inda ta saba, sai ta wuce. Mai Kemis ta bi ta da ido har ta tsallake mararraba, ta je can ƙasa ta tsaya, ta sauke mutane a ƙofar wani shagon kayan masarufi.

Tun makon jiya ma'aikata suka zo suka kwance rumfar jiran bas da ke ƙofar kemis ɗinta. Ramukan da aka zare ƙafafun rumfar ma an cike su da siminti. An faɗaɗa wurin tafiyar ƙasa, an shafa wa gefen kwalta koren fenti, an jera gajerun turaku, aka ce hanyar masu keke ce. Yanzu masu keke ne ke shararawa ta gabanta, kuma mai keke ba ya tsayawa sayen maganin mura. A da kuwa duk wanda ya sauko daga bas sai ya tuna da ciwon kansa ko tarin ɗansa. A bakin rumfar nan ta yi shekarunta na sana'a, da cinikin wurin ta riƙe gida tun da maigidanta ya yi ritaya.

Mai faci da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo neman filasta, ya yanke a yatsa. Tana naɗa masa ya fara da cewa shi dai ba ya son shiga maganar 'yan uwa, sannan ya shiga. Ya ce shi ma an cinye masa wurin da motoci ke fakawa, amma shi ba shi da kowa a ofishin tsara tituna, don haka bai ji ciwo sosai ba. Wanda ke da ɗan uwa a ciki aka yi masa haka, shi ne abin tausayi.

"Anti, shagon da aka kai rumfar ƙofarsa, na wane ne?"

Ta sani sarai. Na surukin ƙanenta ne, mahaifin matarsa.

"To, ni ban ce komai ba," in ji mai faci, ya ɗaga yatsan ya duba, ya fita.

Ƙanen nata injiniya ne a ofishin tsara tituna. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, har yau kuma Auta take ce masa, ko da furfura ta fara leƙo masa a gemu. A ɗakin bayan kemis ɗin nan ya yi karatun jarrabawarsa, a kan kwalayen magani. Ta ɗauki waya ta kira shi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka katse.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Watannin nan ya rage zuwa. In ya zo ma ba ya zama, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon titi, ya tambayi lafiyar yara ya tafi. Ranar da ta ga mutane da riguna masu ƙyalli suna awon titi ta tambaye shi, ya ce aikin ba ya hannunsa yanzu, ya sauya magana. Matarsa kuwa, wadda ba ta taɓa wuce kemis ba ta shigo ba, kwanaki ta hango ta a ɗaya gefen titin tana sauri, kai a sunkuye. A lokacin ta ɗauka rana ce ta dame ta.

Ta rufe kemis tun kafin hantsi ya ɗaga, abin da ba ta taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba, ta gangara.

Shagon surukin ya sha sabon fenti. An fasa bangon gefe an haɗe shi da ɗakin da ke kusa, an sa firji mai ƙofar gilashi, an kafa benci a waje. Mutanen da ke jiran bas suna shiga suna fita da ruwan sanyi da biskit. Dattijon ya taso da fara'arsa ya tare ta, ya sa aka kawo mata kujera, ya yi ta tambayar maigida da ciwon ƙafarsa. Ta yaba gyaran, ta tambaya kamar ba da wata manufa ba yaushe aka yi shi. Ya ce ai tun bara ya fara, a hankali a hankali.

Tun bara. Ita kuwa sai da ta ga ana kwance rumfa ta sani.

"Allah dai ya yi wa yaron nan naku albarka," in ji dattijon. "Kin iya tarbiyya. Ban taɓa neman shawararsa ya ba ni ta banza ba."

Ta yi murmushi ta ce amin. Ruwan da aka ajiye mata ba ta taɓa ba.

A nan ƙofar shagon ta hau bas zuwa ofishin tsara tituna. Kafin bas ɗin ta zo, ta tsaya tana kallon yadda aka yi wurin, tana neman aibu. An ja farin zane na tsallakawa a bayan inda bas ke tsayawa, an gina ɗan dandamali a tsakiyar titi. Wata tsohuwa da sanda ta tsallaka rabi, ta tsaya a dandamalin ta huta, sannan ta ƙarasa, ba wanda ya danna mata oda. Hanyar keke ta zagaya ta bayan rumfar, ba ta haɗuwa da masu sauka. Kyan aikin ma haushi ya ƙara mata. Don surukinsa Auta ya zauna ya yi aiki mai kyau haka, ita kuwa ya bar mata koren fenti.

A cikin bas ta yi ta shirya abin da za ta faɗa. Da farko niyyarta ta same shi a teburinsa, ta tambaye shi ido da ido. Amma da ta isa hawa na uku sakatare ya ce injiniya ya fita duba aiki, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ta tuna kiran da aka katse. Ta ce to, shugabarsa take son gani.

Darakta mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau a rataye a wuya. Bangon ofishinta taswirar gari ce tun daga sama har ƙasa, an soka mata ƙananan allurai masu jan kai a wurare da yawa. Ta nuna wa Mai Kemis kujera, ta saurare ta ba tare da ta katse ta ba. Da alama ta saba jin irin wannan ƙorafi, don tana saurare tana jera takardun gabanta. Mai Kemis ta faɗi shekarun da ta yi a wurin, ta faɗi yadda ciniki ya mutu, ta ce ba a shawarce ta ba. Darakta ta ce an yi taron unguwa, an liƙa sanarwa. Mai Kemis ta ce ita ba wannan ya kawo ta ba. Abin da ya kawo ta shi ne, an ɗauke rumfa daga ƙofarta an kai ƙofar surukin ma'aikacinsu, kuma surukin ya san da maganar tun bara, har ya fasa bango.

Darakta ta daina jera takardu. Ta tambayi wane ma'aikaci. Mai Kemis ta faɗi sunansa.

"Kin tabbata surukinsa ne? Irin wannan magana ba a yinta a kan ji-ta-ji-ta."

"Ranki ya daɗe, ni na je nema masa auren. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Darakta ta ɗauki tabarau ta sa, ta dube ta sosai, kamar yanzu ta shigo.

"Ƙanenki. Ke ce mai kemis ɗin da ke kafin mararraba?"

"Ni ce."

"Sunan da ke jikin allon kemis ɗin ba irin nasa ba ne."

"Na maigidana ne."

Darakta ta jingina da kujera. Can ta tashi ta je jikin taswirar, ta ɗora yatsa a wani wuri da jajayen allurai suka taru kamar ƙudaje, ta ce Mai Kemis ta matso ta gani. Ta ce kowace allura mutum ce da mota ta buge. Wannan tarin kuwa ƙofar kemis ɗinta ne. Bas in ta tsaya dab da mararraba tana tare wa direban da ke bayanta gani. Mutum ya sauko, ya ratsa ta gaban bas zai tsallaka, mai mota ya fito daga gefe bai gan shi ba sai ya ji ƙara. Mai keke kuma dole ya kauce wa bas ya faɗa tsakiyar motoci.

Mai Kemis ba ta buƙatar a gaya mata. Ita ke fitowa da auduga da bandeji kafin a sami motar asibiti. Ta tuna malamar makarantar da ta riƙe wa kai a cinyarta, da mai keken da har yau yake jan ƙafa in ya zo sayen maganin zafi. Kullum direbobi take zargi da gaggawa. Ba ta taɓa kawo rumfar a ranta ba.

Darakta ta ce shekaru ke nan da aka yanke shawarar ɗage rumfar zuwa bayan mararraba, tun kafin a yi maganar hanyar keke. Titin yana hannun ƙanenta a lokacin. Duk sanda aka zo aiwatarwa sai ya kawo dalili. Ya ce akwai bututun ruwa a ƙarƙashin sabon wurin, aka tona ba a ga komai ba. Ya ce ƙidayar motocin da aka yi ba ta yi daidai ba, a sake. Ya ce a jira a gama magudanar ruwa. Da ta gaji, bara ta karɓe titin daga hannunsa ta ba wani.

"Na daɗe ina tambayar kaina me yake karewa a wurin nan," in ji Darakta. "Har na sa an bincika ko wani ke ba shi wani abu. Ba a samu komai ba. Na ce ƙila taurin kai ne kawai irin na masu ilimi."

Mai Kemis ta kau da kai daga taswirar. Ta ce ita ba ta taɓa roƙonsa ya bar mata rumfa ba, ba su taɓa yin maganar ba ma. Darakta ta ce ta yarda. Ta ce irin wannan ba sai an roƙa ba.

"To, a bar maganar, ranki ya daɗe. Na janye. Ɓacin rai ne ya kawo ni."

"Kin zo da magana ɗaya, kin bar mini biyu," in ji Darakta, ta koma kujerarta ta jawo farar takarda. "Ko ya hana a ɗage saboda yayarsa, mutane suna ta karyewa. Ko ya tsegunta wa surukinsa inda za a kai tun kafin a sanar. Wataƙila ma duka biyun. Ba zan iya yin kamar ban ji ba."

Ta tambayi cikakken sunanta da lambar wayarta. Mai Kemis ta yi kamar ba za ta faɗa ba, sai ta ga ƙin faɗar ma wani abin zargi ne, ta faɗa. Tana kallo aka rubuta sunanta a ƙarƙashin nasa.

A kan matakala ta riƙe ƙarfen gefe tana sauka a hankali. Maganar surukin ba ta bar ta ba. Shawarar da dattijon ya ce ana ba shi, wace iri ce? Ta bango ce, ko ta wani abu dabam? Matar Auta da ta sunkuyar da kai, kunyar cin amana ce, ko kuwa ta san mijinta ya rasa titin saboda kemis, tana jin haushi? Duk inda ta juya maganar sai ta zauna daidai. Da safe ta fito da tabbaci, yanzu ba ta san wanda aka cuta ba, ita ce, ko malamar makarantar nan.

Tana isa ƙasa ta gan shi yana shigowa daga wurin ajiye motoci, hular kwano a hammata, takalmansa duk jar ƙasa. Da ya hango ta fuskarsa ta washe, sannan damuwa ta biyo.

"Yaya? Lafiya? Na ga kiranki, muna tsakiyar zuba kankare ne, na ce in na dawo zan kira. Ko jikin Baban yara ne?"

Ta ce kowa lafiya. Ya dube ta, ya dubi matakalar da ta sauko, ya sake dubanta. Murmushin ya tafi.

Daga sama sakatare ya leƙo ta kan ƙarfen bene, ya ce injiniya, madalla da ka dawo, Darakta na son ganinka yanzu.

Ya ce yana zuwa. Ya ɗaga ƙafa zai hau, ta kama hannun rigarsa, ta ja shi gefe zuwa wani benci da ke ƙarƙashin matakalar.

"Zauna, Auta," ta ce. "Kafin ka hau, gara ka ji daga bakina."