Shuɗin da Ta Fito da Shi

Wata goma sha huɗu motar nan ta yi a garejinmu, kuma babu watan da ban zage ta ba.

Tsohuwar motar tsere ce mai kujera biyu, doguwar gaba, guntun baya, rufinta na tanti. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. A kan babbar mota aka kawo ta, ja wur, ƙofa ɗaya ɗaure da waya, ɓeraye sun yi gida a kujerar direba har da jikoki. Mai ita lauya ce, mace mai magana ɗaya. Motar marigayi mahaifinta ce, kuma so take a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi, sannan ta tafi da ita can nesa inda take zaune.

"Ko noti ɗaya na zamani ban yarda a sa mata ba," in ji ta. "Jan nan kuma ba nata ba ne. Shuɗiya ce. Kafin Baba ya rasu ya ce mini mutum ɗaya ya rage da ya san shuɗinta."

Yayana take nufi. Ni aikina bugun ƙarfe da walda, shi kuwa fenti, shekara arba'in da biyar. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma har yau da furfurata Auta yake ce mini, a gaban kowa. Yaya ba ya auna fenti. Kallo ɗaya zai yi wa mota, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya juya da sanda, shi ke nan. Idonsa shi ne sunan garejinmu. Ba a cewa a je wurin mai walda, cewa ake a je wurin mai ido.

Ya zagaya motar sau biyu, ya ɗora tafinsa a kan bonet.

"Na san ta," ya ce. "Shekararta ta farko mahaifinki ya karce ta a jikin ƙofar gida, ni na shafe wurin. Rannan ban iya cin abincin rana ba don kallonta. Ban ƙara ganin shuɗi irinsa ba."

Lauya ta juya baya tana neman hankici a jaka.

Sai aka shiga aiki. Makanikin da ke jikinmu ya ɗauki injin, ni na ɗauki jiki. Wallahi tsatsa ta ci ƙasan motar nan har kana iya zura hannu ka gaisa da wanda ke kwance a ƙarƙashi. Na yanke, na ƙera, na liƙa. Inda kamfani ya yi walda ɗigo-ɗigo, haka na yi, har tazarar da ke tsakaninsu sai da na auna, domin Lauya na zuwa da wani tsohon littafi mai hotuna tana gwadawa. Akwai noti shida da muka yi wata biyu muna jira. Da na kankare jan fentin sai na tarar da wani jan a ƙasa, ƙasansa kuma ƙarfe tsirara. Wani ɗan gaggawa ya riga ya kankare na asalin tas. Littafin kuwa sunan launin kawai ya faɗa, hotunansa baƙi da fari ne.

A wata na sha ɗaya na samo shi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambar motar, an kafe shi da ƙusa huɗu. Mai aikin ƙarfe ya san kan ƙusar da aka taɓa, waɗannan kuwa tun hannun kamfani babu wanda ya taɓa su. Na cire a hankali. Ga shi nan kwance, faɗin yatsa uku, rana ba ta taɓa ganinsa ba: shuɗi mai haske, mai sanyi, da ɗan ruwan toka a ciki. Sai da tsigar jikina ta tashi.

"Yaya! Zo ka ga mutuniyarka!"

Ya zo yana goge hannu, ya sunkuya, ya daɗe. Sai ya yi tsaki.

"Wannan kore-koren? Haba Auta. Wani ne ya shafa, ya dushe."

"Ƙusoshin kamfani ne, Yaya. Ni na cire su yanzun nan."

"Kai ka san ƙusa, ni na san launi. Je ka ci gaba da buge-bugenka."

Ni da ba a gaya mini magana in haɗiye, rannan na haɗiye, saboda wani abu da ya faɗo mini a rai. Na tuna kwanan baya ya ce a canja fitilun ɗakin feshi wai sun yi ja, alhali sababbi ne. Na tuna yadda yake karkata kai yanzu in zai karanta jikin gwangwani, yana tura idon hagu gaba. Da ya ɗago, hasken ƙofa ya faɗa a fuskarsa, sai na ga ƙwayar idonsa na dama ta yi hazo-hazo.

Kwana uku ya yi yana haɗa nasa, daga abin da ke kansa. Ya fesa a kan guntun ƙarfe, ya bar shi ya bushe, ya fito da shi rana yana murmushi.

"Ga ta nan. Ka gani? Wannan shi ne shuɗi."

Innalillahi. Shuɗi ne mai kururuwa, kamar bular wanki. Idon da ke rina masa komai rawaya ya sa ya yi ta ƙara shuɗi, ya yi ta ƙarawa, har sai da ya ga abin da yake tunawa. Makanike ya leƙo, ya kalli ƙarfen, ya kalle ni, ya koma wurin injinsa ba ko tari.

"Ya yi, Yaya," na ce.

Wannan ita ce ƙarya ta farko. Ban iya ba ne, wallahi. Mutumin da ya riƙe ni tun mutuwar mahaifinmu, ya koya mini riƙon guduma, in dube shi in ce abin da yake taƙama da shi ya tafi? Na gaya wa kaina tausayi ne. Yanzu na san har da tsoro.

Ranar hutu da safe na buɗe gareji ni kaɗai. Shekara talatin ina tsaye kusa da shi yana haɗa fenti, ashe ido ya ɗebi wani abu. Na haɗa, na fesa, na jira ya bushe, na kara da na jikin ginshiƙi. Bai yi ba. Sau tara ina yi, ina zagin kaina da motar da wanda ya ƙera ta. A na goma na kara, na rasa inda nawa ya tsaya na kamfani ya fara. Na juye nasa a wani gwangwani na ɓoye bayan tulin tayoyi, na zuba nawa a nasa, na mayar da murfi yadda ya bar shi.

Shi ya yi feshin da kansa. Hannun nan kam babu abin da ya same shi, yana tafiya sumul, ba ɗigo ba tudu. Da ya fito daga ɗakin ya cire abin rufe hanci, na ga ya haɗe gira.

"Fitilun nan dai," ya ce. "Bari ta bushe mu gan ta a rana."

Ranar da muka turo ta waje, Lauya na nan. Ban so haka ba, amma ta riga ta kira ta ce tana hanya. Hantsi ya faɗa a kan bonet. Matar nan mai magana ɗaya ta dafe baki da hannu biyu.

"Ita ce," ta ce, murya na rawa. "Wayyo Baba. Ita ce wallahi. A nan nake zama, ƙafata ba ta kai ƙasa."

Yaya ya matso. Ya zagaya motar, ya karkata kai, ya dawo.

"Ba ita ba ce, ranki ya daɗe."

"Na'am?"

"Ki yi haƙuri, an ɓata miki aiki. Wannan ba shuɗinta ba ne, kuma ba shi na haɗa ba." Ya juyo, idonsa a kaina. "Wa ya taɓa mini gwangwani?"

Na kau da kai.

"Auta, da kai nake!"

"Ni ne."

"Kai? Kai da ko bangon ɗaki ba a ba ka ka shafa? Shekara arba'in da biyar ban taɓa sallamar mota da launin ƙarya ba, sai yau za ka sa ni?" Ya fizgi sanfefa mai kaushi daga kan benci, ya nufi bonet. "Yanzu za a kankare shi. Duka!"

Na riƙe wuyan hannunsa. Tunda nake ban taɓa riƙe hannun Yaya don in hana shi abu ba. Ya fizga, na ƙi saki, sai zuciyar nan tawa da ba ta da birki ta ƙwace.

"Ba fentin ba ne, Yaya, idonka ne! Idonka ya tafi! Kowa a nan ya gani sai kai!"

Ko kwamfaresar feshi da ke ta ƙara sai da ta zaɓi lokacin ta mutu. Lauya ta sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma magana ta riga ta fita.

"Rufe idon dama," na ce a hankali. "Don Allah. Ka duba da na hagu kaɗai."

Na ɗauka zai mare ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga tafinsa ya rufe idon dama, ya kalli motar. Ya sauke, ya rufe na hagu. Ya sake komawa na dama. Sau uku yana yi.

"Mota biyu nake gani," ya ce. "Wacce ce ta gaskiya?"

"Ta hagun ta fi kusa."

"Ta fi kusa," ya maimaita. Ya ajiye sanfefar a kan benci, ya gyara mata zama kamar wani abu mai fashewa. Ya dubi Lauya. "Ki gafarce ni, 'yata. Na ƙaryata ki a kan motar mahaifinki."

Ya shige ciki. Na bi shi, na same shi zaune a kan bokitin da ya kife.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farantin."

"Da ka gaya mini rannan, mu biyu, da na yi fushi na kwana ɗaya na huce. Sai ka bar ni na tsaya gaban baƙuwa ina zagin aikin da yake daidai." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Ba idon ne ya fi mini ciwo ba, Auta."

Na tsuguna a gabansa na yi kuka, ƙato da ni.

Na kai shi asibiti a makon. Likita ya ce yanar ido ce, a ido biyun, ta dama ta fi nuna. Za a yi aiki, amma sai an daidaita sukarinsa, wata huɗu ko biyar, kuma bai yi alkawarin komai zai dawo yadda yake ba. Motar kuwa saura mako shida ta tafi.

A mako shidan nan Yaya bai ƙara taɓa sandar juya fenti ba. Amma shi ya goge motar, da hannu, taki-taki, yana bin ta da tafin yatsu, yana gano ƙurajen da ni mai ido biyu ban gani ba. Muka mayar da gilashi, da fitilu, da kujerun da aka ɗinke da irin zaren da littafi ya ce. Na kafe farantin lamba da ƙusa huɗu irin na da. Yana yi mini magana, amma ta aiki kawai: miƙo wannan, riƙe wancan.

Ranar tafiya makanike ya tayar da ita, ta yi gurnani har cikin ƙirji. Lauya ta riƙe hannun Yaya da hannu biyu tana godiya.

"Launin ba ni ba ne," ya ce mata. "Ga mai shi nan. Shi za ki gode wa."

Aka hau da ita babbar mota, aka ɗaure tayoyi. Muka tsaya a bakin gareji, kafaɗa da kafaɗa, tana fita titi a hankali, rana na kanta. Yaya ya rufe idon dama da tafinsa ya bi ta da kallo. Can ya sauke hannun. Mutumin da tunda na yi wayo ban taɓa jin ya tambayi wani mahaluki launin wani abu ba ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada makanike ya ji.

"Auta. Tsakaninka da Allah, ita ce?"

"Ita ce, Yaya."

"Mai sanyin nan? Da ɗan toka a ciki?"

"Shi ne, sak."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon titi har babbar motar ta sha kwana.

"To," ya ce. "Na yarda da kai. Ni dai ban gan ta ba."