'Yar Farin Hajo

Kwana uku ke nan Hajo ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Duk wanda ya shigo gidan nan na Limancin Kona sai ya ce ciwon Radiya ne ya hana ta sukuni. Shi ne ɗin, amma ba shi kaɗai ba.

Radiya autarta ce, shekararta goma sha bakwai, da sikila aka haife ta. Bana ciwon ya matsa mata, ba ta cika wata a gida sai an kwashe ta zuwa asibiti. A can wata likita mai binciken ƙwayoyin halitta, Dakta Su'ad, ta zaunar da Hajo ta yi mata bayani dalla-dalla. Akwai aikin dashen ɓargo, in ji ta, amma sai an samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda nasa ya dace da na Radiya. Ba kowa ke dacewa ba, cikin huɗu ake sa ran ɗaya. Sannan ta ɗauki biro ta ce, "Hajiya, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu," in ji Hajo.

Biyar ne fa. Radiya da ke kwance ta sani, yayanta Umair da ke tsaye ya sani, amma wa zai gyara wa uwarsa magana a gaban baƙuwa? Ta farin, Tayyiba, ranar da aka yaye ta yayar marigayi mijin Hajo ta goya ta zuwa unguwar Kusfa, can ta tashi, can ta yi aure. Shekara talatin Hajo ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa sa ta cikin ƙirge ba. In magana ta kama sai ta ce "waccan ta Kusfa". Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taras ana yi, har yaba mata ake a gidan biki. Ita kuwa likita ina ruwanta, huɗu aka ce mata, huɗu ta rubuta.

Aka goga auduga a bakin 'yan'uwan nan uku, aka aika. Bayan mako uku sakamako ya dawo, babu wanda ya dace. Dakta Su'ad ta ajiye takardar ta ce, "Da akwai wani, ko ɗaya ne, da mun gwada." Hajo ta buɗe baki, ta rufe, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ta dawo gida tana jin haushin kanta kamar ta mari kanta.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ciwon ƙafafun Radiya ya tashi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta cusa bakin zane a bakinta don kada uwar ta ji. Hajo ta gani. Ta figi mayafi ta fice ta nufi Kusfa, takalmi ma ƙafa ɗaya na Umair ne.

Sau biyu ta juya a hanya. Na farko a bakin zauren masu ɗinkin manyan riguna, da wani dattijo ya tambaye ta ina zuwa da ranar nan. Na biyu a lungun gidan Tayyiba. Ta tsaya jikin katanga tana gyara mayafin da bai goce ba, sannan ta yi sallama.

Tayyiba na zaune a inuwa tana ɗinkin hula. Ta miƙe ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa nesa ta gaishe ta. Hajo ta amsa tana kallon randa. Ta yi zancen zafi, ta yi zancen famfo da ya ɗauke, ta tambayi lafiyar maigida har sau biyu. Daga bisani, randar dai take kallo, ta ce, "Likita ta ce in akwai wani a dangi, a zo a gwada."

"Na ji, Hajiya," in ji Tayyiba. "Tun ranar da aka gwada su Umair na ji. Ranar na yi wanka na sa kaya, na zauna a nan har la'asar, na ce za a aiko. Ba a aiko ba."

Hajo ta ji abin ya soke ta. Ita ta ɗauka yarinyar ba ta damu ba, tunda ba ta taɓa faɗa ba.

"Ba wani a dangi likita take nema ba, 'yar'uwar Radiya take nema," Tayyiba ta ci gaba. "Zan je. Ko ɓargona duka take so ta ɗiba. Amma in na je ni kaɗai, me zan ce mata? Takardarta ba ta san da ni ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabi. Suka fita bakin titi suka tari keke. Suka zauna kowa na kallon gefensa, tsakaninsu wurin mutum guda.

Keken na gwara su a ramuka, Hajo na gwada sunan a ranta. A zuci yana fita sumul, da ya iso harshe sai ya maƙale. Ta yi gyaran murya. Mai keke ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a tsaya ne?" Ta ce a'a, ya tafi. Gumi ya jiƙa mata wuya. Ta jira sai da wata babbar mota ta zo wucewa da ƙara, don kada kowa ya ji, sannan ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Tayyiba."

Ba ta zaci ya kai ko kunnenta ita kanta ba.

"Na'am, Inna," in ji Tayyiba, ba ta juyo ba.