Ranar da Awaki Suka Gwada Ma'ajiyata

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu zuciyata ba ta gama sauka ba. Na gan ni a wani gari da ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna yawo da lema a ƙarƙashin ƙafa. A bayana na goya tsohuwar ma'ajiyar kwamfutata, 'yar akwatin ƙarfen nan da hotuna ke kwana a ciki. Jikinta zafi rau, tana tari ƙas-ƙas. A cikinta akwai bidiyon ranar da 'yata Mufida ta fara tafiya, da muryar Inna, Allah ya jiƙanta, tana yi mata waƙar reno. Ban da cikinta, babu wani wurin da muryar nan take a duniya. A hannuna kuwa ga sabuwar ma'ajiya fil a leda, ina sauri in juye mata komai.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau, sunansa Malam Tanimu, yana zaune a bayan tebur yana cin takardun da ya gama sa wa hannu.

"Maman Mufida, kin gwada ta?"

"Ranka ya daɗe, sabuwa ce fa."

"Sabuwar randa ba ta yoyo? A gidanku ranar da aka sayo ta ake zuba mata ruwan sha?"

Inna kam ba ta taɓa yin haka ba. Sai ta ƙwanƙwasa randa ta ji amonta, ta cika ta, ta bar ta ta kwana tukuna.

Sai ga mu a fili. Awaki huɗu suka kife sabuwar ma'ajiyar, ruwa ya riƙa hawa cikinta har ta cika maƙil. Aka ɗaura mata amalanke cike da duwatsun niƙa, aka ce ta zagaya kasuwa daga hantsi zuwa la'asar. Kai, ta yi gudu! Ina bin ta da tsohuwar a baya, ina ihu, "Yauwa 'yar albarka, ja!" Duk zagaye sai in tare ta in ɗora bayan hannuna a goshinta. Ɗumi kawai, babu zazzaɓi. Masu tumatir suka hau kan rumfuna suna tafi.

Daga nan sai ƙirga. Duk ɗigon ruwan da ya shiga cikinta sai ya fito ya amsa sunansa. Malam Tanimu yana kira, suna fitowa a layi suna cewa "Na'am." Da aka kai casa'in da tara cikin ɗari ya yi hamma ya ɗaga hatimi.

"Ta ci. Sauran cikon lungu ne."

Na riƙe masa ƙaho. "Wallahi ba ka isa ba. In na yi wa yarinya wanka har bayan kunne nake dubawa. A kira na lungun."

"Ke dai akwai naci. Haka kike yi wa maigidanki?"

"Shi ya saba. Kira."

Ya kira. Shiru. Ya sake kira. Can sai ga ɗigon ƙarshe ya fito yana ɗingishi, ya rikiɗa ya zama yashi, bai ma san sunansa ba. Muka leƙa lungun, ga tsaga siririya kamar gashi.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Awaki suka tsaya suna kallona.

"Baiwar Allah, kayanki ne fa ya faɗi."

"Ruwa ta cinye, Malam, ba muryar uwata ba!"

Na gyara goyona, na ce wa tsohuwar ta ƙara haƙuri kaɗan. Tana cikin tarin ta ɗan saki waƙar Inna a ƙeyata, a hankali, ba ko gargada.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Ga Baban Mufida tsugune gaban kwamfuta da sukudireba, yana yage ledar sabuwar.

"Bari in sa miki ita, mu juye, mu jefar da tsohuwar."

Na diro daga gado ko ɗankwali babu. "Sa ta, amma ka bar min tsohuwar. Sai wannan ta kwana uku tana aiki tukuna."