Gwangwanin Shayi Marar Suna

A ɗakin ɗanɗana shayi na ƙungiyar manoman garin, duk mai barin aiki gwangwanin ganye marar suna ake ba shi. Zai dafa a gaban kowa, ya kurɓa, ya faɗi dutsen da aka tsinko ganyen. Bana Malam Kuo Tien-lai ne zai yi ritaya, bayan shekara talatin da shida, kuma mataimakiyarsa Li-chiao aka ɗora wa zaɓen kyautar.

Ita kaɗai ta san hancinsa ya mutu. Tun wani zazzaɓi da ya yi shekara biyu da suka wuce ba ya jin ƙanshi. Ita take fara kurɓa, ta ajiye cokali a dama in ganyen mai kyau ne, a hagu in ba haka ba, shi kuma ya yanke hukunci.

"Mu saya masa kujerar tausa," ta ce wa abokan aiki. "Yana fama da ciwon baya."

A-Hsiung mai gasa ganye ya tuntsire da dariya. "Haba Yaya Li-chiao, kujera? Sai ki haɗa masa da sanda da haƙoran roba mana. Mutumin da ke gane dutse tun daga bakin ƙofa!"

Da rana ta sami Malam yana cin shinkafa da kifi a bayan rumbu.

"Sun ƙi kujera, Malam. Zan sayo ganyen, in gaya maka dutsen tun yanzu."

Bai ɗago ba. "Ki ba A-Hsiung ya sayo. Kada ki tambaye shi daga ina."

"Za ka ji kunya a gaban mutum arba'in."

"Shekara biyu ina cin abinci da cokalinki. Ya isa."

Ta yi kwana uku tana juya maganar. Da za ta ƙi, da ba zai iya hana ta ba. Ranar Alhamis ta tura A-Hsiung.

Ranar walima Malam ya ɗauraye butar shayi, ya zuba ganyen da ruwa, ya jira. Ya kurɓa. Ya ajiye kofin.

"Ruwan zafi nake ji," ya ce. "Tun bara waccan. Duk ganyen da na ce ya yi, ita ta ce."

Ya tura wa Li-chiao kofin.

Ta ɗauka. Ta shaƙa, ta kurɓa, ta riƙe a baki.

"Dutsen Shanlinxi. Tsinkar hunturu. An ɗan zarce wajen gashi."

A-Hsiung ya sosa ƙeya. "Dutsen dai daidai ne. Gashin kuwa ni na ƙara masa wuta jiya."

Wani ya yi dariya, saura suka bi. Shugaban ƙungiya bai yi ba. Malam ya rufe gwangwanin, ya sa a hammata.

"Abina ne ai. Uwargidata za ta sha."