Gadon da Ilu Ya Ƙera

Duk wanda ya san lungunmu ya san ba a shigarsa da gaggawa. Mutum biyu ba sa jerawa, in kuwa mai kurar ruwa ya kunno kai sai kowa ya manne da bango ya jira. Ga kwata a tsakiya, ga kwana kan kwana har ka fita titi. A nan aka haife ni, a nan na tsufa, a nan kuma aka tsinto ni aka sa a kwamitin lafiyar unguwa in wakilci mata, don an san Binta ba ta iya riƙe bakinta ba.

Kwamitin nan na haɗin gwiwa ne, kullum sai an nanata mana. Da mai unguwa, da liman, da Sista Ikram ta ƙaramin asibitinmu, da wakilin ƙaramar hukuma wanda ba ya zuwa sai an kusa tashi. Sai Malam Nazeer na wata ƙungiya mai kula da masu ciki, shi ne uban tafiyar. Manufar mai kyau ce, ba zan yi musu ba: kada mace ta ƙara mutuwa a ɗaki don an rasa abin kai ta asibiti. Ƙungiya ta ba da A Daidaita Sahu, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin mai, mai unguwa ya zaɓi Tanko ya zama direba.

Da na ce A Daidaita ba ya shiga lungunmu, sai aka yaba min, aka ce a samo gadon ɗaukar mara lafiya da zai fito da mace bakin titi. Malam Nazeer ya ce kada a sayo na waje, a ba ɗan unguwa aikin, shi ma ya san da shi ake tafiya. Aka ba Ilu mai walda.

To, Ilu shi ne ke ƙera wa masallatan yankinmu makara tun yana saurayi. Abin da zai ɗauki mutum a kwance ya ratsa lungu, makara kaɗai ya sani, irinta kuwa ya ƙera. Ya shafe shi da ragowar koren fentinsa, ya ƙara 'yar katifa da maɗaurai na roba. Da aka zo maganar wurin ajiya, aka ce asibiti ana rufewa, soron mai unguwa cike yake da buhuna. Liman ya ce a kawo masallaci, tunda ƙofarsa ba ta kulluwa. Kowa ya ce madalla. Aka jingine shi gefen makara kamar wa da ƙane.

Kafin sati ya zagayo mata sun raɗa masa suna makarar masu rai. Na kai maganar zama, na ce a canza masa fenti, a kuma raba shi da masallaci. Malam Nazeer ya ce matsalar wayar da kai ce. Sista Ikram ta ce nata aikin daga ƙofar asibiti yake farawa. Wakilin ƙaramar hukuma ya ce su mai suka ɗauka, ba fenti ba. Liman ya yi alkawarin taɓo zancen a huɗuba. Ba wanda ya ƙi, ba kuma wanda ya yi, aka sha lemo aka tashi.

Zuhra 'yar yayata ce, a hannuna aka yaye ta. Tana aure katanga ɗaya da ni, gidan Hajiya Mero, uwar mijinta Abdulbaƙi mai sayar da robobi a Ƙofar Wambai. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A wurin awo an gaya mata jininta ya hau, in ta ji kanta na sarawa kada ta jira kowa. Ita kuwa cikin fari ne, kunya ta hana ta faɗa wa surukarta komai.

Ran nan da hantsi na ji salati ta katanga. Na shiga na tarar da Zuhra a ƙasa, jijjiga ta kama ta, ido ya kafe, ta ciji harshe. Na kira Tanko, ya ce yana bakin titi yanzu. Na aika masallaci, maza suka kawo gadon har soro. Hajiya Mero tana hango koren ƙarfen nan ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Binta, yarinyar nan da ranta. Ba za a shigo min da wannan gida ba."

Na ce mata ba makara ba ce, ga katifa, ga maɗaurai, ni ce a kwamitin da ya sa aka yi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Na ga inda ake jingine shi," in ji ta. "Irinsa ya fitar min da Alhaji bara ta ƙofar nan."

Kada wani ya ce muguwa ce. Kuka take, tana son Zuhra kamar ita ta haife ta, kuma matan da suka cika tsakar gidan duk bayanta suke. Aka kira Abdulbaƙi, ya ce a bi abin da Hajiya ta ce, ga shi nan zuwa.

Sai muka naɗe ta a bargo. Da gadon ne, maza za su kama hannayen ƙarfe su tafi. Amma bargo sai an rungumi jikinta, don haka mu mata muka ɗauka, yawancinmu tsofaffi. Bargon ya lotsa a tsakiya, kowace kwana sai mun sauke mun gyara. Jijjigar ta dawo mata a gefen kwata, muka durƙusa muna tare kanta kada ya bugi bango. Ina kiran sunanta, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kafin mu kai wurin Tanko rana ta take tsaka. Ya kai mu ƙaramin asibiti, Sista Ikram tana dubawa ta ce a wuce babban asibiti. Ba su kai ba, ita da abin cikinta.

Bayan la'asar aka gama suturta ta, aka aika samari masallaci su ɗauko makara. Ina tsaye a bakin soro suka shigo da ita, sai na ga maɗauran roba suna lilo a gefe. Gadon Ilu ne. Su ma ba su iya bambance su ba. Hajiya Mero ta gani, ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ba ta tare ƙofa ba.

Na leƙa ina kallo maza suka ɗaga Zuhra. Suka sha kwanar farko, ƙarfen bai ko goga bango ba. Ban gama share hawayena ba na ji an ce har sun fita titi.

A zaman da ya biyo baya aka yi mata addu'a. Sannan Malam Nazeer ya gyara murya, ya tambaya ko an fara amfani da gadon, don ana so a sani a sama. Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi tabarma.

Na ce, "An fara. A gaya wa Ilu aikinsa ya yi kyau, yana fita lungu sarai."