Kunun Dalhatu Wanzami

Dalhatu wanzami ne ɗan wanzami, kuma a Bawdeta da wuya ka sami yaron da ba shi ya cire wa beli ba. Shi ya sa da likitocin Maraɗi suka ce 'yan wuyan 'yarsa Sumaiya sun kumbura, sai an yi mata aiki, ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Aka yi aikin, aka sallamo su da kwalbar maganin ciwo da gargaɗi: ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan, abinci mai laushi, ban da zafi, ban da yaji. In ta daina sha, a mai da ita asibiti.

To, Sumaiya 'yar baba ce. Uwarta Hamida ta yi lallashin duniya, amma ko maganin sai daga hannunsa take karɓa. Wannan ya fasa masa kai. Shi dai a saninsa kunu mai zafi da barkono da citta ke gasa mikin maƙogwaro, haka ubansa ya koya masa. Da Hamida ta tafi rijiya, sai gogan naka ya dama abinsa.

"Sha, ɗiyata. Na taɓa cutar ki?"

Ta yarda da shi, ta haɗiye. Ko kukan bai fito ba. Ta amayar da kunun da maganin, har da ɗan jini.

Hamida ta dawo, ta shinshina ludayin, ta wanke yarinyar, ta juya masa baya. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Suka kai ta ɗakin shan magani, majo, wato babban malamin jinya, ya duba, ya ce jinin ya tsaya, amma in ba ta sha ruwa ba kafin la'asar, sai Maraɗi. Ya tambayi wanda ya yi aika-aikar. Hamida ta ce kuskuren gida ne, Dalhatu kuwa ya ƙura wa takalmansa ido.

Sumaiya ta rufe baki gam, leɓɓanta suka bushe. Dalhatu ya nufi kantin mai firiji ya sayi ƙanƙara, a gaban majalisar da ya sha gaya wa cewa sanyi ke ruɓar da miki. Suka yi ta zolayarsa, wai wanzami ya koma almajirin likita. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Ya dawo gida, ya tsugunna gaban Sumaiya da kofin ruwan ƙanƙara. Ta dubi kofin, ta dube shi, ta lafe jikin uwarta. Ya kurɓa a gabanta don ta ga babu zafi. Can ta motsa baki da kyar.

"Ka ba Inna."

Ya miƙa wa Hamida kofin. Yarinyar ta sha, ta ƙara, har maganin ya zauna mata. Dalhatu ya gode wa Allah, ya kai hannu zai shafa kanta, sai ta sa tafi ta rufe bakinta.